Haƙƙin Sanin Asali ga Wanda Ya Tashi a Hannun Riƙo: Nazari Daga Ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta kafa hujja a kan cewa baligin da ya tashi a hannun waɗanda ba su haife shi ba yana da haƙƙin sanin asalinsa, kuma shirya zuciyarsa kafin a faɗa masa yana cikin haƙƙin nan. A Ingila da Amurka an daɗe ana jayayya a kan buɗe kundin da kotu ta rufe. A Makarfi da Ikara da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, matsalar ta sha bamban, domin galibi babu kundin da za a buɗe. Abin da ake da shi yana cikin kan tsofaffi: kakar da ta karɓi yaye, ungozomar da ta yanke cibi, mai unguwar da aka kai wa jariri da asuba. Duk wanda ya rasu a cikinsu, ya tafi da nasa kason. Takardar za ta nuna cewa hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya da jama'ar yankin ke bi ba sa tafiya daidai sai an adana wannan sani, sannan ta amsa hujjojin masu ganin yin shiru ya fi alheri.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ayyukan da suka shafi batun sun kasu gida biyu, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba. Gida na farko na masana halayyar al'umma ne da suka yi nazarin riƙo a Afirka ta Yamma. A littafin Baba of Karo na 1954, wanda Mary Smith ta tattara daga bakin wata tsohuwa a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, an ga yadda matar da ba ta haihu ba take samun 'ya'ya daga dangi, ta rene su har ta aurar. Esther Goody a 1982, da Isiugo-Abanihe a 1985, sun nuna cewa riƙo hanya ce ta ƙulla zumunci da rarraba nauyin tarbiyya, kuma iyayen asali ba sa fita daga rayuwar yaron. Saboda haka ne waɗannan masana ba su tsaya a kan tambayar sanin asali ba. Sun ɗauka kowa ya san ɗan wane ne.

Gida na biyu na masana halayyar ɗan'adam ne a Turai. H. J. Sants a 1964 ya bayyana abin da za a iya kira ruɗanin asali, wato damuwar da ke kama wanda bai san daga inda ya fito ba. John Triseliotis, a binciken da ya wallafa a 1973 kan mutanen Sikotilan da suka je neman takardun haihuwarsu na asali, ya gano cewa waɗanda suka fi jigata su ne waɗanda aka ɓoye wa har suka girma, ko suka ji labarin cikin faɗa. David Howe da Julia Feast a 2000 sun nuna cewa mafi yawan masu neman asalinsu sun gamsu da neman da suka yi, ko da hulɗa da dangin jini ba ta ɗore ba. Giɓin da ke tsakanin gidajen biyu shi ne na farko bai hango ɓoyewa ba, na biyu kuma ya ɗauka akwai takarda a ajiye. Ɗan riƙon da aka ɓoye wa asalinsa a Gubuchi ko Hunkuyi bai faɗa cikin ko ɗaya ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin matani da kwatance. An duba hukunce-hukuncen nasaba da shayarwa da walicci da tsintuwa kamar yadda suke a Muwaɗɗa da Risala da Mukhtasar na Khalil, littattafan da ake karantarwa a zaurukan malamai a yankin. An duba dokokin Nijeriya masu alaƙa da batun, aka kwatanta su da na wasu ƙasashe, sannan aka auna duka da al'adun riƙo sanannu a ƙasar Hausa. Misalan da aka kawo na fayyace hukunci ne, ba labarin wani mutum takamaimai ba.

4.0 Nazari

4.1 Nau'o'in riƙo da inda ɓoyewa ke shigowa

Riƙon dangi shi ya fi yawa, kuma shi ya fi sauƙi. Kunyar ɗan fari takan sa a bar yaro wurin kaka, ko a kai shi yaye ya zarce can, ko a ba gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba. Irin wannan yaro yakan san iyayensa, ko da zai kira mahaifiyarsa da sunan da 'yan gida ke kiran ta. Na biyu shi ne maraya ko agolan da ya bi uwa gidan wani miji yana jinjiri, aka yanke hulɗa da dangin uba saboda rigimar saki ko nisan gari. Na uku shi ne tsintacce, da kuma yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba aka miƙa wa wata 'yar'uwa a wani gari domin a rufa asiri. A nau'i na biyu da na uku ne ɓoyewa ke samun gindin zama.

Abin lura shi ne takardun zamani, maimakon su warware matsalar, ƙara ɗaure ta suke yi. Ranar da aka kai yaro firamare, malami zai tambayi sunan uba, wanda ya kawo shi kuma ya ba da nasa sunan, sau da yawa ba da wani mugun nufi ba, don dai kada a bambanta yaron da 'yan'uwansa. Wannan suna shi zai bi shi zuwa takardar jarrabawar sakandare, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da asusun banki. Idan babu takardar haihuwa, sai a je kotu a yi takardar rantsuwa ta shekaru da sunan da ke makaranta. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a Nijeriya. Wanda ya kai shekara 30 a yau ya fito daga zamanin da rajistar ba ta kai haka ba. Ke nan duk takardar da ke hannunsa shaida ce ta riƙo da ke sanye da rigar haihuwa.

4.2 Hujja daga fiƙihu

Ana yawan cewa tunda Musulunci ya haramta mayar da ɗan wani naka, batun kundin asali bai shafi Musulmi ba. Hukuncin kansa ya nuna akasin haka. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab, waɗanda malaman tafsiri ke dangantawa da Zaidu ɗan Harisa, sun umarta a kira mutum da sunan mahaifinsa, inda ba a san mahaifin ba kuma a ɗauke shi ɗan'uwa a addini. Abin da aka hana shi ne sauya nasaba. Reno kuwa an kwaɗaitar da shi matuƙa. Gidan da ya rene yaro ya kuma bar shi yana zaton shi ɗan cikinsu ne ya yi renon da ake so, ya haɗa da sauyin nasabar da aka hana.

Daga nan hukunce-hukunce uku ke biyowa. Na farko gado: ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa, sai dai a yi masa kyauta da rai ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, alhali yana da rabo a dukiyar mahaifinsa na asali. A yankin da gonar rake ko fadamar tumatir ita ce babbar dukiyar gida, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Idan an ɓoye masa, ya yi asara sau biyu: mai riƙo bai yi masa wasiyya ba don kada asiri ya tonu, can kuma an raba gonar ubansa babu shi. Ranar rabon gado kuwa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi, domin magada ba za su yi shiru a gaban alƙali ba. Na biyu walicci: a jerin waliyyai na Malikiyya, dangin uba na jini suna gaba da mai reno, don haka yarinyar da ke da baffa ko wa a raye tana da waliyyin da ya kamata a sani kafin ɗaurin aure.

Na uku shi ne shayarwa, kuma a nan hujjar ta fi ƙarfi. Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta auren uwa da 'yar'uwa ta shayarwa, kuma a wurin Malikiyya shan nono ko sau ɗaya a cikin shekarun shayarwa ya isa ya haramta. Jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ko wanda aka tsinta, yakan bi ta hannun mata biyu ko uku kafin ya samu matsuguni, kuma kowace da ta ba shi nono ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa. Gwajin asibiti kafin aure zai faɗi rukunin jini da yiwuwar haifar mai sikila. Gwajin ƙwayoyin halitta zai iya tabbatar da uba ko ya kore shi. Babu gwajin da zai gano wanda ya sha nonon wa. Shaida kaɗai ke tabbatar da shi, kuma Malikiyya suna karɓar shaidar mata biyu ne idan maganar ta riga ta bazu a bakin mutane kafin ɗaurin aure. Iyalin da suka danne labarin shekara 20 sun rushe sharaɗin da shaidar ke buƙata da hannunsu. Don haka ɓoyewar da ake yi da sunan kare yaro tana iya kai shi ga auren da shari'a ta haramta, ta kuma hana a samu hanyar tabbatarwa.

Ko tsintacce ma fiƙihu bai bar shi babu matsayi ba. Ɗaukarsa farilla ce ta kifaya, shi ɗa ne ba bawa ba, kuma Imam Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora ciyar da irinsa a kan baitulmali. Khalil ya bayyana cewa ba a jingina shi ga mai da'awar haihuwarsa sai da shaida ko wani dalili mai kama hankali. Wannan dalili ba zai samu ba idan babu wanda ya adana ranar tsintuwa da wurin da zanen da aka naɗe shi da shi.

4.3 Abin da doka ta tanada

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ba yaro haƙƙin sanin iyayensa gwargwadon iko a sashe na 7, da haƙƙin kare asalinsa a sashe na 8, ta kuma ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, da sunanta a sashe na 20. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta tanadi rajistar yaran da kotu ta miƙa wa wasu iyaye, amma bayanin da ke haɗa sabon suna da takardar haihuwa ta asali ba a fitar da shi sai da umarnin kotu. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018. Sai dai duk waɗannan suna aiki ne a kan abin da ya biyo ta kotu, riƙon da ake yi a Gazara ko Paki ko Likoro kuwa a tsakar gida ake ƙulla shi.

Tsintacce ne kaɗai kan bar sawu a ofisoshi, shi ma a warwatse. Daga mai unguwa ake kai shi wurin dagaci ko hakimi, a sanar da 'yan sanda, a duba shi a asibiti, jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya nema masa mai riƙo ko a kai shi gidan marayu. Kowane mataki kan bar layi biyu a wani littafi, amma babu ofis guda da aka ɗora wa alhakin haɗa su ya ajiye har yaron ya balaga. A Landan, gidan tsintattu da ya fara karɓar jarirai a 1741 yakan liƙa ƙyallen tufar jariri a jikin takardar karɓarsa, kuma waɗannan ƙyallaye suna nan har yau. Ba kuɗi aikin ya ci ba, niyyar ajiyewa ce.

4.4 Amsa ga masu suka

Suka mafi nauyi ita ce ta sutura. Addini ya yi umarni da rufa asirin Musulmi, kuma matar da ta haihu tana budurwa shekara 25 da suka wuce tana iya kasancewa a yau uwargida ce mai 'ya'ya da surukai. Sallamar baƙo a zaure yana cewa shi ɗanta ne tana iya kashe mata aure, ta zubar wa 'ya'yanta mata da daraja a idon manema. Wannan suka gaskiya ce, kuma duk tsarin da ya yi watsi da ita ba zai karɓu a yankin ba. Amsarta ita ce a raba haƙƙin sani da haƙƙin haɗuwa. Na farko na baligin ne shi kaɗai. Na biyu sai da yardar ɓangarori biyu. Ingila ta buɗe takardun haihuwa ga wanda ya kai shekara 18 ta dokar 1975, sannan a 1991 ta kafa rajistar tuntuɓa inda kowane ɓangare ke nuna ko yana son a sadu. Ayalan, a dokarta ta 2022, ta ba da cikakken bayani ga mai nema, amma idan mahaifiya ta rubuta cewa ba ta son a tuntuɓe ta, sai an zauna da shi an sanar da shi hakan. Sutura tana nufin kada a yaɗa laifin mutum a gari. Ba a san ta da ma'anar hana wanda abin ya fi shafa sanin wanda ya halatta ya aura ba.

Suka ta biyu ita ce neman asali butulci ne ga waɗanda suka sha wahalar reno. Binciken Howe da Feast ya nuna cewa mafi yawan masu nema sun ci gaba da riƙe iyayen reno a matsayinsu. Abin da ke ɓata tsakani galibi shi ne gano cewa kowa a gida ya sani ban da shi.

Suka ta uku ita ce rubutu yana dawwamar da tabo, kuma ofis ba ya riƙe sirri a garin da ma'aikaci da mai nema suke sallah a masallaci ɗaya. Tsoron yana da tushe. Amma a irin waɗannan garuruwa labarin ba ya ɓacewa don ba a rubuta ba. Yana nan a bakin kishiyoyi da maƙwabta, yana jiran ranar gori ko ranar binciken aure, lokacin da dangin yarinya za su aika a tambayo asalin manemi. Zaɓin da ke gaban iyali shi ne ko ya ji daga bakin mai ƙaunarsa a ɗaki, ko daga bakin abokin faɗa a bainar jama'a. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta kuma samar da madogarar hukunta ma'aikacin da ya fallasa abin da aka ba shi amana.

4.5 Shirya zuciya

Ingila ta wajabta wa waɗanda aka miƙa kafin 12 ga Nuwamba 1975 su gana da mai ba da shawara kafin a ba su takardunsu, saboda an yi wa iyayensu alkawarin sirri a wancan zamani. Darasin da za a ɗauka shi ne na rakiya, ba na shinge ba: bai kamata shirin ya zama jarrabawar da za a ce mutum ya faɗi a hana shi saninsa ba.

A ra'ayin wannan takarda, shirin ya fara da tambayar mai nema abin da yake so: suna kawai, ko tarihin ciwon gado kamar sikila da hawan jini, ko rabonsa na gado, ko ganin fuskar uwa. Waɗannan buƙatu ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai rarrabe su ba yakan ɗora duk begensa a kan haɗuwa. Daga nan a shimfiɗa masa abin da zai iya tararwa: kabari, ko musu, ko uwar da ta ce a yi mata rai kada a zo, ko dangin da za su zaci gona ya zo nema, ko kuma, ga tsintacce, layi ɗaya a littafin 'yan sanda. Akwai maganar da ya wajaba malami ya faɗa masa ƙarara tun kafin a buɗe komai, wato babu mai ɗaukar laifin wani, kuma yadda aka haife shi bai rage masa komai a addininsa ba. Jama'a sun san wannan a karatu amma harshen gori ya fi shi ƙara, shi ya sa ake buƙatar ya fito daga bakin wanda ake girmamawa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Makon ɗaurin aure da kwanakin zaman makoki su ne mafi munin lokuta, kuma su ne al'ada ta fi barin abin ya fashe a cikinsu. Ya fi dacewa a fara tun yaro yana ƙarami da abin da hankalinsa zai ɗauka, a ƙara masa yayin da yake girma, ta yadda babu wata rana guda da za ta rushe masa duk abin da ya sani. Ga wanda ya riga ya girma, ya samu ɗan rakiya da shi ya zaɓa, gwaggo ko kawu ko malaminsa, kuma idan za a nemi uwa a aika mace dattijuwa ta same ta ita kaɗai, ba ta hannun mijinta ba. Iyayen reno su ma suna buƙatar a zauna da su, domin tsoron rasa ɗa ne ya sa da yawansu suka yi shiru. Idan aka ga alamun da suka wuce baƙin ciki na ɗan lokaci, kamar daina cin abinci da ƙaurace wa mutane ko maganar kashe kai, sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi nisa da Kudan da Makarfi ba, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna.

4.6 Kundin da ya dace da yankin

Abin da ake buƙata takarda ce mai shafi guda, a cike ta ranar da yaro ya sauya hannu. Ta ƙunshi sunan uwa da uba da garinsu idan an sani, da sunan duk macen da ta shayar da shi, da ciwon da aka san yana bin dangi, da shaidu biyu. Ga tsintacce a ƙara rana da wuri da wanda ya tsinta da hoton abin da aka same shi da shi. Kofi ɗaya ya zauna a rufe a kotun shari'a ta yankin, ɗaya a ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, kuma kada a buɗe wa kowa sai mai ita idan ya kai shekara 18, ko alƙali idan maganar aure ko gado ta taso. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, irin waɗanda kwalejin Shehu Idris ta Makarfi ta daɗe tana yayewa, su ne suka fi kusa da masu jego da ungozomomi, don haka su suka fi cancanta su cike sashen shayarwa. Waɗanda suka riga suka girma kuwa, aikin gaggawa a kansu shi ne ɗaukar bayanin tsofaffin da suka halarci miƙa su, a gaban shaidu, a ajiye shi a kotu bisa waɗannan sharuɗɗa.